Ta yaya zan koya wa yara 'yan shekara bakwai yadda Yahudawa suke rufe ranar Asabar?

Uwar Tagwaye, Manchesta, ta rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena da ke wannan zaure. Ina neman taimakonku a kan wani darasi da ya faɗo kaina, wanda ban taɓa tsammanin zan tsaya gaban yara in koyar da shi ba.

Ina aikin taimaka wa malamar aji a wata makarantar firamare ta gwamnati a nan Manchesta, a ajin yara 'yan shekara shida zuwa bakwai. Waɗanda suke zaune a Ingila sun san cewa darasin sanin addinai wajibi ne a makarantun gwamnati, ko da yake doka ta ba iyaye damar cire 'ya'yansu daga cikinsa idan ransu bai kwanta da shi ba. A wannan zangon karatu addinin Yahudawa aka sa mana, kuma malamar ajin ta riga ta koyar da yadda ake shiga ranar Asabar a yammacin Juma'a, da kyandir biyu da burodi, kafin rashin lafiya ya kwantar da ita. Abin da ya rage shi ne yadda ake fita daga ranar, wato ibadar da suke kira Habdala, shugabar makaranta kuwa ta ce in shirya darasin nan da mako biyu.

A ɗakin ajiya na tarar da kwali ɗaya da aka rubuta wa sunan darasin. A cikinsa akwai dogon kyandir shuɗi da fari wanda aka kitsa kamar gashi, mai lagwani da yawa, akwai ƙaramin kofi na ƙarfe da farantinsa, sannan akwai wata batta mai siffar hasumiya, har da 'yar tuta a samanta, wadda ina buɗe ta ƙamshin kanumfari ya cika mini hanci. Babu ko takarda guda ta bayani.

Tambayoyina uku ne. Ta farko, mene ne ainihin abin da ake yi da waɗannan kaya, kuma wanne ne yake zuwa kafin wanne? Na yi karatu a intanet, amma bayanan sun zo mini a warwatse, ba na kuma so in faɗa wa yara abin da Bayahude zai ji ya girgiza kai. Ta biyu, ta wace hanya za a shigar da maganar cikin kan yaron da ba ya iya zama shiru fiye da minti goma? Ta uku ita ce ta fi hana ni barci. Yara 28 ne a ajin, fiye da rabinsu 'ya'yan Musulmi ne, akwai Kiristoci, akwai waɗanda iyayensu ba sa bin kowane addini, babu Bayahude ko ɗaya, ni kaina kuma Musulma ce. Ina iyakar take tsakanin gaya wa yara abin da wasu mutane suke yi da kuma sa su yi shi da kansu? Allah ya saka wa duk wanda ya ba ni haske da alheri.

Baƙuwar Landan ta amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ni ba malama ba ce, amma na yi shekara huɗu ina jinyar wata tsohuwa Bayahudiya a gidan ɗanta, a unguwar Golders Green da ke arewacin Landan, kuma da yake kwanan Asabar yana cikin aikina, na ga wannan ibada fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Zan faɗa miki abin da idona ya gani, masu ilimin littafi su ƙara a kai.

Abin da nake so ki fara riƙewa shi ne, yaro ba zai gane girman kunna wannan kyandir ba sai ya san cewa gidan ya yi kusan awa 25 ba wanda ya ƙyasta ashana a cikinsa. Tun kafin rana ta faɗi ranar Juma'a ake ajiye aiki. An dafa abinci tun da rana an ɗora shi a kan wani faranti mai ɗumi da ake bari a kunne, ruwan shayi yana cikin babban tulun lantarki, fitilun ɗakuna agogo ne yake kunna su ya kashe, har fitilar cikin firji sukan manne maɓallinta domin kada buɗe ƙofa ya kunna ta. Wayoyi suna cikin aljihun tebur. Ba a rubutu, ba a shiga mota, ba a taɓa kuɗi. Yini ne na zuwa majami'a a ƙafa, da cin abinci tare, da hira, da barcin rana.

Idan yamma ta yi, jikokin tsohuwar sukan taru a bakin taga suna neman taurari, domin ranar ba ta ƙarewa da faɗuwar rana, sai duhu ya shiga har taurari uku sun bayyana. Kin san sararin Landan, gajimare ne kusan kullum, saboda haka a ƙarshe sai su koma ga kalandar majami'a da aka manna a jikin firji, wadda ta rubuta lokacin har da mintinsa. A watan Disamba tun kafin ƙarfe biyar an gama, a watan Yuni kuwa sai an wuce ƙarfe goma na dare, ƙananan sun riga sun ɓingire da barci a kan kujera. Mu da muka yi azumi a wannan ƙasa mun san irin wannan jira.

Da maigidan ya dawo daga majami'a sai kowa ya tsaya a kusa da teburin cin abinci. Yakan cika kofin da ruwan inabi har ya tumbatsa ya zuba a faranti, kuma da gangan yake yin haka, alamar fatan albarkar mako ta yi yawa har ta malala. A gidan nan marar sa maye suke amfani da shi saboda yara, wasu gidajen kuwa giyar inabi ce. Autar gidan, yarinya 'yar shekara biyar, ita ce mai riƙe kyandir, an naɗe mata gindinsa da takardar ƙarfe ta girki don kada narkakken kakin ya ɗiga mata a hannu, yayyenta kuma suna ce mata ta ɗaga shi sama idan tana son miji dogo. A rage hasken ɗaki. Uban ya karanta ayoyi, ya yi yabo ga Allah a kan kofin, sannan ya ɗauki battar ya yi yabo ya sansana, ta zaga hannu zuwa hannu. Bayan haka kowa ya miƙa hannu wajen wutar, ya lanƙwasa yatsu yana duban faratansa. Sai yabo na ƙarshe, uban ya sha, ya tsoma kan kyandir a cikin abin da ya zube a faranti, ki ji ya yi cuuu, hayaƙi ya tashi. Nan take ɗakin yake rikicewa: ana ta cewa "shabuwa tob", wato a yi mako lafiya, wannan ya kunna fitila, wancan ya ruga wajen wayarsa, uwargida ta ɗora tukunyar shayi ta fara wanke kwanukan da suka taru tun jiya.

Abin da ba zan manta ba shi ne tsohuwar. A shekararta ta ƙarshe ta daina gane jikokinta, wani lokaci har ɗanta takan tambaya ko shi wane ne. Amma idan na kai mata battar kusa da hanci, sai in ga fuskarta ta buɗe, leɓunanta su fara motsi da wata addu'a ta Yidish, harshen Yahudawan Turai, da ta koya a wurin mahaifiyarta, wadda surukarta ta fassara mini cewa roƙo ne ga Allahn Ibrahim da Ishaƙu da Yaƙubu ya tsare jama'arsa a makon da yake shigowa. Ita ba ta cewa "shabuwa tob", "gut vok" take cewa, har ni ma takan riƙe hannuna ta faɗa mini.

Shawarata ita ce ki rufe labulen aji, ki kunna kyandir ɗin, ki zagaya da battar, ki kashe wutar a cikin ruwan inabi marar sa maye, kamar yadda ake yi a gidan. Yaran da suka ji wannan ƙara da wannan ƙamshi ba za su manta ba.

Ɗan Wusasa, daga Jos, ya amsa:

Salama a gare ku duka. Malama, 'yar'uwarmu ta Landan ta ba ki hoton kamar yadda yake, ni kuma zan ƙara dalilan da ke bayansa, gwargwadon abin da na koya lokacin da na yi karatun Ibrananci a Urushalima saboda aikin fassarar Littafi Mai Tsarki.

Kalmar Habdala ma'anarta rarrabewa, kuma tushenta ɗaya ne da kalmar da ke Farawa 1:4, inda aka ce Allah ya raba haske da duhu. Yabon huɗu ne, a jere suke haka: na ruwan inabi, na kayan ƙamshi, na wuta, sannan na rarrabewa. Ɗaliban Yahudawa suna tuna jerin da kalmar Yabne, wadda haruffan farko na sunayen abubuwan huɗu a Ibrananci suka haɗa, kuma sunan garin da malamansu suka taru ne bayan Romawa sun rushe Haikalin Urushalima, babban wurin ibadarsu, a shekara ta 70 Miladiyya. Wasu malamansu sun lura cewa jerin yana hawa ne a fuskar mutum: baki ya ɗanɗana, hanci ya sansana, ido ya gani, sannan hankali ya rarrabe. Ina ganin wannan zai yi miki amfani ƙwarai, domin yaro zai iya nuna bakinsa da hancinsa da idonsa da goshinsa ya riƙe jerin ba tare da ya haddace kalmar Ibrananci ko ɗaya ba.

Ki bambance wa kanki abin da yake cikin Attaura da abin da malamai suka tsara daga baya. Attaura ta ce a tuna da ranar Asabar a tsarkake ta (Fitowa 20:8), ta kuma hana hura wuta a ranar (Fitowa 35:3). Kofi da batta da kyandir ba su zo a cikinta ba. Musa bin Maimun, babban malamin Yahudawa wanda aka haifa a Ƙurɗuba ya rasu a Masar a 1204, ya fassara wannan tunawa da cewa a ambaci ranar da baki a lokacin shigarta da lokacin fitarta. Tsarin ibadar kuwa yana cikin Mishna, wato tarin dokokin malaman Yahudawa, wadda aka tattara wajen shekara ta 200, a nan ne kuma aka lissafa ayyuka iri 39 da aka hana a ranar.

A cikin Mishna ɗin akwai wata muhawara tsakanin almajiran manyan malamai biyu, Shammai da Hillel, da nake jin yara za su so. Almajiran Shammai sun ce a yabi wanda ya halicci "hasken" wuta, almajiran Hillel suka ce a'a, "haskoki" za a ce, domin harshen wuta launuka da yawa ne a cikinsa. Ra'ayin gidan Hillel ake bi har yau. Ki sa yaran su dubi hoton harshen wuta su ƙirga launukan da suka gani. Saboda wannan jam'i ne ma, da kuma son wutar ta zama babba, ake kitsa kyandir mai lagwani fiye da ɗaya, wanda ba shi da shi kuma yakan haɗa kan kyandir biyu ko ashana biyu har wutarsu ta zama ɗaya. Duban farata kuwa ya samo asali ne daga ƙa'idar cewa ba a yabo a kan haske sai an amfana da shi, saboda haka mutum yakan duba har ya bambance farce da fata, ya ga inuwar yatsunsa a tafin hannu.

Akwai labarai biyu na Talmud, littafin sharhin malamansu a kan Mishna, da iyaye suke ba 'ya'yansu. Ɗaya yana cewa a daren da Asabar ta farko ta ƙare duhu ya rufe Adamu, sai Allah ya ba shi basira ya ƙyasta duwatsu biyu wuta ta fito. Ɗayan yana cewa ana ƙara wa mutum wani rai a ranar Asabar, idan ranar ta fita sai ya tafi, shi ya sa ake sansana ƙamshi domin a farfaɗo da zuciya. Idan za ki ba da su, ki ce labaran malaman Yahudawa ne, kada yaro Kirista ya koma gida ya nemi na Adamu a littafin Farawa ya rasa. Ki kuma sani cewa battar hasumiya al'adar Yahudawan Turai ce, waɗanda suka fito daga Maroko da ƙasashen Larabawa sau da yawa ɗanyen ganye suke riƙewa, irin su na'ana'a ko reshen wata bishiya mai ƙamshi da suke kira hadas. Bayan an gama sukan yi waƙoƙin Annabi Iliya, wanda Musulmi suke kira Iliyasu, domin suna sa rai shi ne zai kawo albishir na zuwan Almasihu, wasu kuma su ci wani ɗan abinci na rakiyar Asabar, kamar yadda ake raka sarauniya zuwa ƙofa.

Abu ɗaya zan ja hankalinki a kai. Yabo na huɗu yana cewa Allah ya raba tsakanin mai tsarki da na yau da kullum, tsakanin haske da duhu, tsakanin Isra'ila da sauran al'ummai, tsakanin rana ta bakwai da kwanaki shida na aiki. Idan yaro ya ji kalmar Isra'ila zai iya kawo abin da yake ji a labarai a gida. Ki shirya amsarki tun yanzu: a nan ana nufin jama'ar, wato Bani Isra'ila, kuma kalmomin sun girmi ƙasar da aka kafa a 1948 da ɗaruruwan shekaru.

Ga kuma ƙofa daga harshenmu. Asabar daga Larabci ta zo mana, tushenta ɗaya da Shabbat, Lahadi kuma ma'anarta rana ta ɗaya, kamar yadda Yahudawa suke kiranta. A Urushalima na ga motocin haya na birni sun tsaya cik tun yammacin Juma'a, sai bayan taurari sun fito su dawo kan titi, da safiyar Lahadi kuma kowa ya tafi aiki da makaranta.

Tsohon Malamin Islamiyya, daga Kano, ya amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, tambayarki ta uku ita ce zan tsaya a kai, domin ta nuna kina tsoron Allah a cikin amanar 'ya'yan mutane.

Sanin abin da Yahudawa suke yi a ranarsu ba laifi ba ne. Alƙur'ani da kansa ya ambaci Asabar a wurare da yawa: a Suratun Nisa'i aya ta 154 ya faɗi alkawarin da aka riƙa daga gare su a kanta, a Suratul A'araf aya ta 163 kuma ya ba da labarin garin bakin teku da kifayensu. Wancan labari darasin Islamiyya ne, kada ki kai shi wannan aji, domin aikin da aka ba ki shi ne bayanin yadda maƙwabtanku na yau suke yi a gidajensu, kuma adalci ya hau kanki a cikin bayanin.

Amma ina da ja a kan shawarar 'yata ta Landan, duk da cewa labarinta ya taɓa ni ƙwarai. Idan kika rufe labule, kika cika kofi, kika zagaya da batta, kika kashe wuta a cikin abin da ya zube, a jere kamar yadda suke yi, to kin gudanar da ibadar ne, kalmomi kawai kika cire. Yaro ɗan shekara bakwai ba ya bambance nuni da aiki. Zai koma gida ya ce yau mun yi Habdala a makaranta, uban da ya ji haka kuwa ba zai tsaya jin bayani ba, kuma ba zan ga laifinsa ba. Ki nuna kayan, ki faɗi amfanin kowanne, amma kada bakin yaro ya furta yabon, kada kuma a sha komai da sunan kwaikwayo. Ki sa makaranta ta rubuta wa iyaye tun kafin ranar, a faɗa musu abin da za a yi dalla-dalla, domin abin da aka ɓoye shi ne yake haifar da zargi.

Kuskure ɗaya da na sha ji a bakin masu saukaka magana shi ne cewa Asabar ita ce Juma'ar Yahudawa. Wannan zai rikita yaran Musulmi. Suratul Jumu'a ta ce a bar ciniki idan an yi kiran salla, idan an idar kuma a watsu a nemi falalar Allah, saboda haka kasuwar Kurmi takan koma harkarta bayan an sauko daga masallaci. Inda muka yi kama da su shi ne lissafin yini daga faɗuwar rana: duk Bahaushe ya san daren Juma'a shi ne daren da Alhamis ta wuce. Wannan kamanci gaskiya ne, za ki iya amfani da shi da zuciya ɗaya.

Malamar Firamare, daga Lesta, ta amsa:

Ƙanwata, na koyar da wannan darasi sau biyar, kuma ina goyon bayan Baba, har da wani dalili daga ɓangaren Yahudawan kansu. Wata uwa Bayahudiya da ta taɓa zuwa ajina ta bayyana mini cewa masu riƙo da addini a cikinsu ba sa furta yabo da sunan Allah idan ba lokacinsa ba ne, har a hira ma "Hashem" suke cewa, wato Sunan. Ke nan sa yara su karanta yabon da safiyar Talata bai zama girmamawa ga kowa ba.

Game da kunna kyandir, ki yi hattara. A shekarata ta farko na kunna shi a cikin aji, ban san cewa lagwani da yawa wuta babba suke bayarwa ba, kakin ya riƙa zuba, da na kashe shi kuma hayaƙin ya ta da ƙararrawar gobara, makaranta duka ta fita fili cikin sanyi. Tun daga nan nake ɗaukar bidiyon kyandir ɗin a gida in nuna musu, shi kuwa ainihin kyandir ɗin su taɓa shi a kashe.

Yadda nake yi yanzu shi ne, ina fara da tambayar da ba ta addini ba: yaya kuke sanin cewa abu mai daɗi ya ƙare, kuma yaya kuke ji? Sukan kawo hutun makaranta, da tafiyar kaka bayan ziyara, da washegarin salla ko Kirsimeti. Daga nan sai in ba su labarin yarinya ɗaya da gidansu, tun daga ajiye waya ranar Juma'a har zuwa taga da taurari. Sannan in raba su tebur uku, kayan a rarrabe, ba a jeren ibada ba. A tebur ɗaya suna kitsa zaren ulu kala uku, wanda yaranmu mata sukan koya wa sauran cikin minti biyu. A na biyu suna sansana kanumfari da kirfa da ɓawon lemo da aka ƙulle a ƙyalle, bayan na duba takardun lafiyarsu saboda masu borin jini. A na uku suna manna taurari uku a baƙar takarda su rubuta abu ɗaya da za su yi kewarsa idan aka hana kunna shi yini guda.

Ki lura da harshenki: ki riƙa cewa "Yahudawa da yawa suna yi", domin akwai waɗanda ba sa kiyaye Asabar ko kaɗan, akwai kuma masu yin wani ɓangare. Kada ki ce "suna yi a da", domin a Prestwich da Broughton Park, kusa da ke, za a kunna wannan kyandir a wannan Asabar ɗin. Kina kuma da gidan tarihin Yahudawa na Manchesta a Cheetham Hill, a cikin tsohuwar majami'a da aka gina a 1874, suna karɓar ziyarar makarantu.

Uwar Tagwaye ta sake rubutawa:

Iyayena da yayyena, Allah ya saka muku da alheri, jiya na yi darasin. Na bi shawarar Baba, an aika wa iyaye takarda tun mako guda kafin ranar. Uba ɗaya ya cire ɗansa, aka ba yaron wani aiki a ɗakin karatu, wata uwa kuma ta zo da kanta ta duba kwalin, da ta buɗe battar ta ce irin kanumfarin da take sa wa a shayi ne, ta bar 'yarta.

Yaya ta Landan, ban kunna wutar ba, amma labarinki shi ne ya riƙe ajin. Na ba su labarin autar da ke riƙe kyandir da kakarta mai mantuwa, ba tare da sunan wuri ba, kuma da na kai inda fuskar tsohuwar take buɗewa, yara 27 sun yi tsit, abin da ban taɓa gani ba. Baki, hanci, ido da goshi na Malam Ɗan Wusasa sun zauna musu daram, har a layin cin abinci na ga wasu suna maimaitawa. Wata yarinya ta ce jiran taurari kamar jiran kiran sallar magariba ne a watan azumi, na ce mata jiran ya yi kama, amma abin da ake jira ya bambanta, kuma su a ranar ci suke yi su sha. Wani yaro ya tambaya ko idan gajimare ya rufe taurari Asabar ba za ta ƙare ba ke nan, na nuna masa hoton kalandar lokuta, ya ce irin ta masallacinsu ce. Maganar Isra'ila ba ta taso ba, ko da yake na tafi da amsar a shirye.

Tambaya ɗaya ce ta kayar da ni, na kuma yi wa yaron alkawarin amsa ranar Litinin. Ya ce idan maigidan likita ne, aka kira shi asibiti ranar Asabar, bai dawo ba sai da gari ya waye, shin ya rasa Habdala ta wannan mako?

Ɗan Wusasa ya amsa:

Malama, ki faɗa masa abu biyu. Ceton rai yana gaba da hutun Asabar a shari'arsu, saboda haka likitan da ya tafi bai yi laifi ba, wajibi ma ya sauke. Kuma bai rasa ba, domin wanda bai samu yi a daren ba zai iya yi har zuwa yammacin Talata, sai dai a kan kofi kaɗai zai yi, da yabon rarrabewa, ba tare da batta da kyandir ba.